Waiwaye Adon Tafiya: Makaɗi da Bakandamiyarsa Bayan Shekaru Sun Shuɗe

1.0 GABATARWA

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Babu kuwa matafiyin da waiwayensa ya fi jan hankalin ɗalibin adabi kamar makaɗin da ya manyanta, ya zauna yana duban waƙar da ta ɗaukaka sunansa tun yana da jini a jika. A irin wannan zama ne ake jin abubuwan da ba a cika jin su a dandali ba, wato dalilin yin waƙar, da wanda aka yi dominsa, da wanda aka yi wa habaici a cikinta, da kuma hukuncin da mai ita yake yanke mata yanzu da furfura ta rufe masa kai.

Manufar wannan maƙala ita ce ta duba yadda makaɗan baka na Hausa suke waiwayar manyan waƙoƙinsu bayan an daɗe da yin su. Za a fara da leƙa makaɗan Turawa masu kiɗan nan da ake kira rok, domin a wajensu wannan al'ada ta yi ƙarfi har ta zama hanyar neman abinci. Daga nan sai a dawo gida, a kawo misalai daga ƙasashen Gobir da Zamfara da Katsina, a ƙare da ƙasar Gwandu ta Jihar Kabi. Abin da maƙalar take son tabbatarwa abu ɗaya ne, shi ne cewa maganar da tsohon makaɗi ya yi a kan waƙarsa shaida ce mai daraja, amma tana ba da labarin ranar da ya faɗe ta fiye da yadda take ba da labarin ranar da ya yi waƙar. Duk manazarcin da bai rarrabe waɗannan ranaku biyu ba, to, lalle nazarinsa zai yi tuntuɓe.

2.0 YADDA MAKAƊAN TURAWA SUKE WAIWAYE

A shekarar 1948 kamfanin Columbia na Amurka ya fito da babban faifai wanda yake ɗaukar kimanin minti 20 a kowane gefe. Wannan ya ba makaɗa damar tara waƙoƙi da dama a faifai guda, su raɗa masa suna, ya zama aiki ɗaya cikakke kamar yadda littafi yake. Waɗanda suka fi cin moriyar wannan dama su ne makaɗan rok, wato kiɗan samari na jita mai lantarki da ganguna, wanda ya bunƙasa a Amurka da Ingila daga shekarun 1950 zuwa na 1970. A wajen waɗannan mutane, a cikin ɗakin ɗaukar murya ake gina waƙa, a yi ta gyara har tsawon watanni, kuma da zarar faifan ya fita kasuwa ya daskare ke nan. Yadda mai saye ya ji shi a ranar farko, haka jikansa zai ji shi.

Saboda haka, idan makaɗin rok ya tsufa, akwai wani abu tsayayye da zai sa a gaba ya duba. Alal misali, ƙungiyar Beatles ta Ingila ta watse a 1970, amma a 1995 mutum uku da suka rage daga cikinta suka fito a wani dogon shirin talabijin suna ba da tarihin faya-fayansu ɗaya bayan ɗaya. Haka kuma ƙungiyar Pink Floyd ta fitar da faifanta mai suna The Dark Side of the Moon a 1973, sai a 2003 'yan ƙungiyar suka zauna gaban masu ɗaukar hoto suna warware yadda suka haɗa shi. Bayan wasu shekaru 20, wato a 2023, wanda ya tsara kalmomin waƙoƙin, Roger Waters, ya sake rera faifan gaba ɗaya da muryar tsufa, ya fitar da shi yana ɗan shekara 80.

Misalin da ya fi kusa da zuciyar Bahaushe shi ne na Cat Stevens. Wannan mawaƙi na Ingila ya yi suna da faifansa Tea for the Tillerman na 1970. A 1977 ya musulunta, daga baya ya ɗauki sunan Yusuf Islam, ya jingine irin waƙoƙin da aka san shi da su har kusan shekaru 30, bai sake fitar da faifai irin na da ba sai a 2006. A 2020 ya sake rera wancan faifai na 1970. A cikinsa akwai wata waƙa ta muhawara tsakanin uba da ɗa. A sabon zubin sai ya rera ɓangaren uban da muryarsa ta dattijo, aka ɗauko muryarsa ta samartaka da aka naɗa a 1970 aka sa ta a ɓangaren ɗan. Ga mutum ɗaya yana zance da kansa, shekaru 50 a tsakani.

3.0 WAƘAR BAKA DA MATSAYIN BAKANDAMIYA

Al'amarin makaɗin Hausa ya sha bamban da wannan. Waƙar baka a bainar jama'a ake haihuwarta, kuma a can take girma. Abin da yake tsaye a cikinta shi ne gindin waƙa, wato amshin da ake komawa gare shi, da kuma karin muryar da kiɗan da aka ɗora ta a kai. Ɗiyan waƙa kuwa suna iya ƙaruwa, suna iya raguwa, suna iya sauya wuri, gwargwadon wanda yake zaune a wurin da kyautar da aka yi da kuma halin da makaɗin yake ciki. Idan makaɗi ya rera waƙa guda sau ɗari, to, kusan waƙoƙi ɗari ne masu uwa ɗaya.

Sai dai makaɗa ba su zama ɗaya ba wajen wannan sassauci. Makaɗan fada, masu kotso da taushi, sukan zauna da yaransu su ƙulla waƙa tun a gida, kuma 'yan amshinsu suna karɓar ɗiya daga bakin jagora su ƙarasa, har su yi ƙari. Wannan ya sa ɗiyan waƙoƙinsu suka fi zama daram, domin ba a kan mutum ɗaya suke ajiye ba. Makaɗan jama'a kuwa, irin su Alhaji Mamman Shata, 'yan amshinsu gindin waƙa kawai suke maimaitawa, jagora shi kaɗai yake zuba ɗiya yadda suka zo masa nan take. A nan sauyi ya fi yawa ƙwarai.

To, a cikin wannan hali na rashin tsayayyen zubi, ina makaɗi zai tsaya ya waiwaya? Amsa ita ce, a cikin waƙar kanta. Wannan ne ya kawo maganar bakandamiya. A wajen makaɗa da masu saurarensu, bakandamiya ita ce waƙar da makaɗi ya ɗauka ta fi sauran waƙoƙinsa, wadda ya zuba iyakar gwanintarsa a cikinta. Abin lura shi ne, yawanci a cikin irin wannan waƙa ne makaɗi yake juyowa ya yi maganar kansa. Nan ne yake yi wa kansa kirari, ya faɗi matsayinsa a tsakanin takwarorinsa, ya ƙalubalanci masu ja da shi. Wato abin da Bature yake jira sai ɗan jarida ya zo ya tambaye shi, Bahaushen makaɗi ya riga ya saƙa shi a cikin waƙa, yana kuma sabunta shi duk lokacin da ya sake rera ta.

4.0 ZUWAN NA'URAR ƊAUKAR MURYA

Na'ura ce ta zo ta sauya wannan tsari. Ƙananan faya-fayan garmaho na farko ba su ɗaukar abin da ya wuce kimanin minti 3 a kowane gefe, alhali kuwa waƙar fada guda tana iya cin ninkin-ba-ninkin haka. Dole makaɗi ya zaɓi 'yan ɗiya ya bar saura. Daga baya gidajen rediyo suka shigo, musamman gidan rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962, suka riƙa gayyatar makaɗa suna naɗar waƙoƙinsu a ɗaki, inda babu ubangida, babu mai kyauta, babu taron da zai motsa makaɗi. A shekarun 1970 kuma kaset ya bazu, mai minti 30 ko 45 a kowane gefe, ya shiga kasuwanni da tashoshin mota da ƙauyuka, kowa yana kwafa daga na wani.

Wannan ci gaba ya haifar da abubuwa uku. Na farko, rerawa guda ɗaya daga cikin ɗaruruwa ita ce ta tsira, jama'a kuma suka ɗauke ta a matsayin ita ce waƙar, har ma idan makaɗi ya rera wani zubi dabam sai a ga kamar ya yi kuskure. Na biyu, waƙa ta kuɓuce daga hannun mai ita. A da, idan makaɗi ya daina rera waƙa, sannu a hankali sai ta mutu, ko ta rage a bakin 'yan tsiraru. Yanzu kuwa ko ya so ko ya ƙi, tana nan tana yawo. Na uku, a karo na farko a tarihi makaɗin Hausa ya samu kansa yana sauraren muryarsa ta ƙuruciya, kamar dai yadda ya faru ga Yusuf Islam. Daga nan ne waiwayen makaɗan Hausa ya rabu gida-gida.

5.0 IRE-IREN WAIWAYE

Idan aka dubi rayuwar fitattun makaɗa za a iya kasa waiwayensu kashi uku, wato waiwayen alfahari, da waiwayen gyara da ƙari, da kuma waiwayen tuba. Ba a ce kowane makaɗi kashi ɗaya kawai yake shiga ba, an dai kasa su ne domin sauƙin nazari.

5.1 Waiwayen Alfahari

Babban misali a nan shi ne Ibrahim Narambaɗa Tubali, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa Amadu, wanda ya rasu a farkon shekarun 1960. A cikin Bakandamiyarsa ya gwama yabon ubangidansa da kirarin kansa, yana bayyana gwanintarsa wajen ƙulla waƙa da fifikonsa a kan sauran makaɗa. Wanda ya saurare ta da kunnen basira zai ji cewa wannan magana ce ta mutumin da ya daɗe a cikin sana'a, ya juyo yana auna abin da ya shuka. Narambaɗa ya bar duniya kafin zamanin kaset da yawaitar hira da makaɗa, saboda haka babban abin da ya rage na ra'ayinsa a kan fasaharsa shi ne abin da ya faɗa a cikin waƙoƙin nasa. Haka shi ma Sa'idu Faru, makaɗin Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo, wanda ya rasu a 1987, a cikin waƙa ya laƙaba wa kansa malamin waƙa, sunan kuma ya bi shi.

Irin wannan alfahari yana da aiki a cikin sana'ar. Makaɗin fada yana zaune ne a cikin gasa, domin fada ba ta rasa wani makaɗin da yake neman gurbinsa. Idan ya ɗaukaka waƙarsa, ya ɗaukaka wanda aka yi wa ita ke nan, kuma ya tuna wa ubangidan cewa irin wannan baki ba a samunsa ko'ina.

5.2 Waiwayen Gyara da Ƙari

Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa ta ƙasar Katsina, ya fi kowa dacewa da wannan kashi. Ya shafe fiye da rabin ƙarni yana waƙa da kalangu, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1988, ya rasu a 1999 aka rufe shi a Daura. Sananne ne cewa Shata ya sha faɗa wa masu hira da shi cewa bai san adadin waƙoƙinsa ba, kuma ba ya zama ya shirya waƙa kafin ya rera ta. Bakandamiyarsa, wadda kirarin kansa ne jigonta, an naɗe ta fiye da sau ɗaya, kuma wanda ya jera naɗe-naɗen zai tarar sun bambanta a tsawo da jerin ɗiya. Ashe ke nan a wajen Shata bakandamiya tamkar gida ce da mai shi yake ƙara wa ɗaki duk lokacin da iyali suka ƙaru. Kowace sabuwar rerawa waiwaye ce a kan wadda ta gabace ta.

Wani lokaci kuma zamani ne yake yi wa waƙa ƙari ba tare da an taɓa ko kalma ɗaya ba. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ya yi wa Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello waƙoƙi lokacin da yake Firimiyan Jihar Arewa. Bayan kisan Sardauna ranar 15 ga Janairu, 1966, waɗannan waƙoƙi na zuga sai suka koma tamkar na ta'aziyya a kunnen masu saurare. Haka nan kuma, al'adar makaɗan fada ce su yi wa ɗan sarki fatan hawa gadon kakanninsa. Muhammadu Macciɗo ya zama Sarkin Musulmi a 1996, shekara 9 bayan rasuwar Sa'idu Faru, daga nan yabon da Sa'idu ya yi masa yana Sarkin Kudu ya samu wani sabon nauyi wanda makaɗin bai rayu ya gani ba.

5.3 Waiwayen Tuba

Kashi na uku shi ne ya fi nauyi, kuma misalinsa mafi bayyana daga ƙasar Gwandu ya fito. Alhaji Muhammadu Gambu, mutumin Fagada ta Ƙaramar Hukumar Maiyama, ya yi suna a duk ƙasar Hausa da laƙabin mai waƙar ɓarayi. Da kalangu yake kiɗa, kuma waɗanda yake wasawa su ne mutanen da al'umma take ƙyama. Waƙarsa ta Tsoho Tudu tana daga cikin waɗanda suka fi bazuwa. Tun yana raye jama'a suka rabu biyu a kansa. Wasu suna ganin waƙoƙinsa zuga ce ga masu ɓarna, wasu kuwa suna ganin madubi ne da yake nuna wani ɓangare na rayuwa da sauran makaɗa suka kawar da kai daga gare shi, ga kuma tarin kalmomi da salon magana da ba a samun su a wani wuri. Shekaru kafin rasuwarsa a 2016, Gambu ya bayyana wa duniya cewa ya tuba, ya bar waƙar ɓarayi.

Ba za a fahimci nauyin wannan mataki ba sai an tuna irin ƙasar da ya fito. Gwandu ita ce cibiyar yammacin daular Usmaniyya tun lokacin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya raba ragamar mulki tsakanin ƙanensa Malam Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello a 1812. A cikin littafinsa Kitabul Farƙi, Shehu ya lissafa shagala da kaɗe-kaɗen banza a cikin halayen da ya soka na sarakunan da suka gabata, ya keɓe kiɗan da ake yi don wata manufa ta shari'a, kamar tara runduna. Wannan ra'ayi bai gushe ba a tsakanin malamai. Saboda haka makaɗi a wannan ƙasa yana girma ne da sanin cewa akwai alamar tambaya a kan sana'arsa, kuma tambayar tana ƙara ƙarfi yayin da shekaru suka ja, kabari ya matso. Idan wannan ya shafi mai yabon sarki, ina ga mai yabon ɓarawo?

To, amma a nan ne aikin na'ura ya fito fili. Gambu ya tuba, kaset bai tuba ba. Waƙoƙin da ya juya wa baya sun ci gaba da yawo, daga kaset suka koma wayoyin hannu da intanet, har yau ana saurarensu. Da a ce kafin zuwan na'ura ya rayu, da barinsa waƙar ya isa ya kashe ta. Yusuf Islam ya samu hanyar sasantawa da waƙoƙinsa na da, ya zaɓi waɗanda zai koma wa ya sake rera su. Gambu kuwa jigon waƙoƙin nasa ne kansa abin tuhuma, saboda haka babu gyaran da zai yi musu face ya bar su. Wannan ya bar wa manazarta tambaya mai wuya: wane Gambu ne za a saurara, mai kalangu ko mai tuba? Adalci shi ne a saurari dukkansu, a kuma ambaci tubansa duk inda aka ambaci waƙoƙinsa, domin shi ma wani ɓangare ne na tarihin waƙoƙin.

6.0 ABIN DA YA KAMATA MANAZARCI YA KIYAYE

Daga abin da ya gabata za a iya tsamo wasu ƙa'idoji da za su taimaki ɗalibin da ya ɗauki waƙar wani makaɗi domin kundin neman digiri.

Da farko, kada ya ɗauki kaset ɗaya ya ce ya samu waƙa. Ya nemi duk zubin da zai iya samu, ya yi ƙoƙarin gano inda aka naɗi kowanne da lokacin da aka naɗe shi, a ɗakin rediyo ne ko a gaban ubangida. Sau da yawa sunayen da aka ambata a ciki da sarautun da suke riƙe da su sukan nuna lokacin. Ɗan waƙar da yake cikin wani zubi ya ɓace a wani yana da labari, wataƙila an ɓata da wani ne, ko an shirya da wanda aka yi wa zambo.

Na biyu, ya rubuta ranar kowace hira da ya samu, ya kuma auna halin da makaɗin yake ciki a ranar. Dattijon da yake neman gamawa lafiya yakan sassauta abin da ya zafafa a ƙuruciya. Wanda ubangidansa ya rasu yana iya faɗin abin da da can ba zai faɗa ba, wanda kuma 'ya'yan ubangidan suke ɗauke da shi yana iya ɓoye abin da ya sani. Ga kuma mantuwa, wadda ba ta bar kowa ba. Su kansu makaɗan Turawa, duk da takardu da faya-fayan da suke da su, an sha samun biyu daga cikinsu suna saɓani a kan wanda ya ƙagi wata waƙa, kamar yadda aka samu tsakanin John Lennon da Paul McCartney na Beatles a kan waƙar In My Life. Idan haka ta faru inda ake rubutawa, to, inda aka dogara ga ƙwaƙwalwa sai an ƙara hattara.

Na uku, kada ya tsaya ga jagora shi kaɗai. 'Yan amshi da makaɗan da suke bayansa da sanƙira duk sun halarci haihuwar waƙar, kuma ba su da buƙatar kare suna irin ta maigidansu. A gidajen da kiɗa yake gado, kamar gidan Aliyu Ɗandawo wanda ɗansa Sani ya gaje shi a Yawuri, 'ya'ya ma taska ce ta sanin yadda uba yake kallon ayyukansa.

Na huɗu, ya rubuta waƙa da karin harshen da aka rera ta. Narambaɗa da Sa'idu Faru da Ɗanƙwairo da Gambu duk da Hausar yamma suka yi waƙa. Wanda ya mayar da kalmominsu zuwa daidaitacciyar Hausa ya ɓata ma'aunin waƙar, ya kuma yi wa makaɗin gyaran da bai roƙa ba.

7.0 KAMMALAWA

An ga yadda makaɗin rok yake waiwayar faifan da ya daskare, da yadda makaɗin Hausa ya saba yin nasa waiwayen a cikin waƙar da take sauyawa tare da shi, har zuwa lokacin da na'ura ta zo ta tsayar da murya ɗaya ta ce ita ce waƙar. An kuma ga cewa waiwayen yana iya zama alfahari kamar na Narambaɗa, ko ƙari kamar na Shata, ko tuba kamar na Gambu, kuma kowanne yana bayyana makaɗin ne a ranar da ya yi shi.

Duk makaɗan Hausa da aka yi nazarinsu a nan sun riga mu gidan gaskiya, ba sauran damar a tambaye su. Abin da ya rage shi ne waɗanda suka yi musu amshi, da waɗanda suka halarci wasanninsu, da tsofaffin kaset-kaset da suke ajiye cikin adaka a garuruwa irin su Jega da Maiyama da Kalgo, da ƙauyuka irin su Dangoma. Kaset kuwa zafi da ƙura suna cin sa, tsofaffi kuma kullum raguwa suke yi. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kabi a 2013, wadda mazauninta na dindindin yake kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, ga kuma Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ɗaliban wannan yanki ba su da nisa da inda aikin yake. Ya kamata duk wanda ya tafi hutu gida ya nemi dattijo ɗaya da kaset ɗaya, ya naɗi maganar dattijon, ya kwafe kaset ɗin, ya rubuta rana da wuri a jikin kowanne. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Allah ya jiƙan magabata, ya sa a dace.